Talaka, Matsiyaci da Mai Rufin Asiri: Sunayen Rashi a Ƙasar Diggi

Duk lokacin da aka ce gwamnati za ta raba tallafi, takarda ce ke fara isowa. Ta taso daga Birnin Kebbi ta sauka Kalgo, daga nan ta gangara wajen hakimi, hakimi ya kira dagatai, dagatai su kira masu unguwanni, a ce kowa ya kawo sunayen talakawan da ke ƙarƙashinsa. A nan ake fara samun cikas, tun kafin a zo maganar son kai ko siyasa. Mai unguwa a Diggi, cikin ƙasar Kalgo, in ka ce ya rubuto talakawansa, to ka ce ya rubuto kowa ke nan: da mai garken shanu, da dillalin shinkafa mai babur biyu, da tsohuwar da ke jiran maƙwabta su aiko mata da tuwon dare. Duk talakawansa ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Kalmar talaka ta girmi ma'anar da rediyo ya ɗora mata. Zabarmawa, maƙwabtan Kabawa, suna cewa talka. Barebari suna da talaga, Fulani suna da talkaajo, Buzaye suna da tasu mai kama da ita, har Yarbawa ma sun are ta. Masana ba su haɗu a kan asalinta ba, wasu sun jingina ta ga harshen Buzaye, wasu ga Larabci. Abin da ya fi asalin muhimmanci shi ne aikin da take yi a bakin Bahaushe: talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Kishiyarsa ta farko basarake ne, attajiri ya zo daga baya. Shi ya sa alhaji mai tireloli zai durƙusa gaban Sarkin Gwandu ya ce, "Ranka ya daɗe, mu talakawanka ne," ba wanda zai yi dariya.

Wannan tsohuwar ma'ana ita ce ta riƙe siyasar Arewa shekaru ɗari biyu. A Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da sarakunan Hausa ke tatsa daga jama'a da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa. Ƙanensa Abdullahin Gwandu, wanda ƙasar Diggi ke cikin masarautar da ya kafa, ya rubuta Diya'ul Hukkam don nuna wa masu mulki iyakarsu. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kalmar da ta ɗauka ta yi tuta da ita talakawa ce, kuma abin da Malam Aminu Kano da mutanensa ke nufi shi ne waɗanda ake yi wa aikin tilas, ake ɗaure su kan haraji, alƙali ba ya jin ta bakinsu. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, aka ce an 'yanta talaka. Haraji ya tafi, amma ma'anar tana nan daram. Je ka asibiti ko ofishin 'yan sanda ko wurin rabon taki ka ji yadda mutum ke cewa, "Don dai ni talaka ne." Yana iya zama da kuɗi a aljihu lokacin da yake faɗin haka. Kukansa shi ne ba shi da wanda zai buga wa waya.

Ni a ganina wannan ne dalili na farko da ke sa rashi ya yi kaka-gida a gari irin Diggi, kuma Hausa ta riga ta raɗa masa suna. Hanya da makaranta da asibiti da rijiyar burtsatse suna zuwa inda ake da murya. Garin da ba shi da ɗa a majalisa ko a ma'aikata yana iya noma abin da ya fi na maƙwabcinsa, amma motar ɗaukar kaya ba ta shiga da damina, sai ya sayar a gona yadda mai saye ya ga dama.

Idan ana maganar wanda ba shi da shi a hannu kuwa, Bahaushe yana da wasu kalmomin, kuma ba ya cakuɗa su. Akwai fatara, wadda a bakin mutanen Kabi za ka ji ta hwatara, kamar yadda fadama ke zama hwadama. Fatara yankewar abu ce: ana fatarar ruwa, ana fatarar kuɗi, attajiri ma yana iya yin fatarar canji. Tana zuwa tana wucewa. Akwai rashi da babu, waɗanda ba su da zafi a kunne, mutum zai faɗe su a kan kansa ba tare da jin kunya ba: "Wallahi rashi ne ya hana ni zuwa." Akwai mabuƙaci, kalmar ladabi da liman ke amfani da ita bayan sallar Juma'a.

Sai tsiya. Ita ce mai dafi. Matsiyaci shi ne wanda ya kai ƙasa, amma kalmar ba ta tsaya kan aljihu ba, ta shiga hali. Ana yi wa mutum tsiya, ana rabuwa da tsiya-tsiya, ana ce wa yaro mai rigima ɗan tsiya. Ka kira magidanci talaka ya amsa, ka kira shi matsiyaci ku kwana gaban dagaci. Masanin tarihin nan John Iliffe, a littafinsa na 1987 kan tarihin matalautan Afirka, ya lura da wannan rabe-rabe tsakanin talaka da wanda ya tagayyara a harsunan wannan yanki. Abin da ke damuna da kalmar shi ne hukuncin da ke ɓoye a cikinta. Da zarar an ce wane tsiya ce ke bin sa, an rufe bincike. Ba mai sake tambayar yaushe gonarsa ta fita hannunsa, ko ciwon wa ya cinye shanun nomansa. An mayar da abin jini, ko rabo, kamar yadda ake cewa arziki, wanda ya fito daga rizƙu na Larabci, nufin Allah ne. Lalle arziki na Allah ne, ba musu. Amma manomin da ke faɗin haka shi ne kuma zai zauna ya lissafa maka dalla-dalla yadda maƙwabcinsa ya karye, shekara bayan shekara, da sunan kowane mataki.

Kafin a zo ga matakan, akwai ma'auni guda da ya kamata a tsaya a kansa, domin a zauren malamai yake, kuma ya fi na ofis dacewa da manomi. Ayar zakka a Suratut Tauba ta ambaci kashi takwas na masu karɓa, ta fara da fakirai da miskinai. Malaman Malikiyya, mazhabar da ake karantawa a Gwandu da kewayenta, sun bambanta su: miskini shi ne wanda ba ya da komai, fakiri kuwa yana da ɗan abin hannu amma ba zai kai shi shekara ba. Shafi'iyya sun juya lissafin, amma wannan ba ta shafe mu ba a nan. A Hausa miskini ya ƙara matsawa har ya koma kan naƙasasshe da wanda ba ya iya nema. Fakirin Malikiyya shi ne abin dubawa. Abincin shekara. Bankin Duniya yana auna talauci da abin da mutum ke kashewa a yini, daga dala 1 a 1990, zuwa dala 1.90, zuwa 2.15 a 2022, zuwa dala 3 a 2025. Wannan awo na mai albashi ne ko ɗan kasuwar birni. Manomin Diggi ba a yini yake samu ba, sau ɗaya ko sau biyu yake samu a shekara. Ka same shi a Nuwamba ka rantse mai wadata ne, ka dawo a Yuli ka tarar ana dafa tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli a gidansa. Tambayar da za ta raba maka mutanen gari kashi-kashi ba ta da wuya: a wane wata hatsinka ya ƙare bara? Mai cewa ya kai sabo daban, mai cewa da faɗuwar ruwa daban, mai cewa tun ana sanyi daban. Kowane mai unguwa ya san amsar kowane gida ba tare da ya tambaya ba, don yana ganin wanda matarsa ta fara aika yaro da kwano wajen mai awo.

Ga yadda shekarar ke juyawa. Da kaka gero da dawa da shinkafa sun cika kasuwar Kalgo da Bunza da Jega, farashi ya faɗi warwas. A daidai lokacin ne kuma duk wata hidima ke tasowa: mai bashi ya zo, auren da aka ɗaga sai kaka ya zo, ɗakin da ruwa ya ci yana son gyara, yara suna son tufafi. Sai mai gida ya buɗe rumbu ya sayar da arha. Bazara ta yi, abin da ya rage ya ja baya, ya koma kasuwa yana sayen irin hatsin da ya sayar, wataƙila ma shi ne dai, da tsada. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gona ta yi kore shar, rumbu kuma babu ko zangarniya. Wannan tsakani, daga shuka zuwa fitowar sabon gero, shi ne maƙogwaron shekara, kuma a nan kalmomi uku ke jiran sa.

Ta farko barema, wadda a Kano aka fi sani da ƙwadago. Mutum ya ɗauki fartanya da asuba ya tafi gonar mai hali, ya yi noma zuwa azahar, a biya shi, ya auno tiya ɗaya ko biyu ya kai gida. Ba abin kunya ba ne, aiki ne na halal. Illarsa ita ce ranar da mai hali ke neman 'yan barema ita ce ranar da gonar ɗan barema ke neman mai ita. Noman firi ba ya jira. In haki ya riga ka da mako biyu, ko ka zo ka yi maimai gero ya riga ya ƙanƙance. Da kaka sai ya ɗaure dammunan da ba su kai na bara ba, baɗi kuma rumbunsa ya riga na bana ƙarewa, ya ƙara yawan kwanakin barema. Polly Hill, Baturiyar da ta zauna Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta a 1972, ta ce akwai gidajen da talauci ya hana su noma, alhali gonar tana nan. Mai jin maganar daga nesa zai ɗauka wasa da kalma ne. Wanda ya taɓa ganin gonar ɗan barema a watan Agusta, rabi an nome rabi haki ya kai gwiwa, ya san ba wasa ba ne.

Ta biyu ba-da-kaka. Ka karɓi kuɗi ko buhun taki ko mudun hatsi da damina, ka biya da amfanin gona in an girbe, a kan farashin da mai bayarwa ya yanke tun ranar da kake cikin matsi. Malamai sun sha yin wa'azi a kai, kuma da gaskiyarsu. Sai dai duk mai zagin ɗan ba-da-kaka ya tuna cewa shi ne kaɗai ke buɗe ƙofa da tsakar dare in mace na naƙuda ana neman kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi. Banki ba ya buɗewa, kuma ko ya buɗe zai nemi takardar da manomi bai taɓa gani ba. Ba a kashe ba-da-kaka da wa'azi kaɗai, sai an samar da wata ƙofar da ke buɗewa a wannan sa'a.

Ta uku jingina. Ita ce matakin da ba a cika dawowa daga gare shi ba. Gonar fadama ta tafi hannun wani a kan kuɗin da aka ce za a mayar in Allah ya hore, shi yana nomawa yana ci, kai kana barema, wani lokaci a cikin gonar taka. Shekara biyar, shekara goma, mai gonar ya rasu, 'ya'ya su taso su tarar da labari. Ga kuma gado yana yanka abin da ya saura: gonar da ta riƙe gandu guda a zamanin kaka, yau jikoki goma sha ne ke da kunya bibbiyu a cikinta.

Waɗannan su ne na kullum. Akwai kuma na shekarar da ta zo da gardama, kuma nan ma sunaye suna da abin faɗi. Mutanen da ba sa rubuta tarihi sun adana yunwa da laƙabi. Ta 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta farkon shekarun 1940 'Yar Gusau, don can ake tafiya neman hatsi, inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Ta 1953 zuwa 1954 a ƙasar Sakkwato ana kiranta Muda, da sunan kwanon awo, ita kuwa ruwa ne ya yi yawa ya lalata amfani. Ta 1984 mutanen Nijar suka sa mata El Buhari, domin a shekarar ce Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya daina ƙetarawa. Duba da kyau: gari, kwanon awo, shugaba. Masu raɗa sunan ba su cika ɗora laifi kan sama ba, sun fi tuna inda hatsin yake, da nawa ake auna shi, da wanda ya tare hanya. Amartya Sen ya yi suna a duniya da littafinsa na 1981 da ya nuna cewa yunwa kan kashe mutane alhali abinci na kasuwa, don dai ba su da abin saye. Tsofaffin Kabi da Gobir da Katsina sun riga shi faɗi, a kalma ɗaiɗai.

Ƙasar Kalgo tana da tudu tana da fadama, saboda haka tana shan duka biyu, fari a sama, ambaliya a ƙasa. A 2010 ruwa ya ci garuruwa a Sakkwato da Kebbi. A 2020 hukumomi suka ce ambaliya ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi, ana dab da girbi. Irin wannan shekara ce ke mayar da fatara tsiya. Mai ɗan hali ya sayar da sa ɗaya ya farfaɗo. Marar hali ya sayar da akuya, sannan injin ban-ruwa, sannan ya jinginar da gona, kuma duk a lokacin da kowa ke sayarwa, babu mai saye da daraja. Ruwan ya janye cikin wata guda, amma gidan bai sake komawa inda yake ba.

Mafitar da aka gada ita ce tafiya. Cin rani sunan ya bayyana kansa: ka je ka cinye rani a wani wuri don bakinka ya ragu a kan rumbun gida. A yammacin ƙasar Hausa ana cewa an tafi biɗa. Wani Bature mai suna Mansell Prothero ya yi nazarin ƙidayar da aka yi wa masu fita ta hanyoyin lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, aka samu fiye da mutum 250,000, ya kuma rubuta sunan da ake kiran masu tafiya mai nisa da shi, 'yan tuma da gora. A da Gwanja da Kumasi ake nufa, yau Legas da Fatakwal da Abuja, ana acaba, ana turin ruwa, ana gadi, ana yankan farce. Kuɗin da suke aikowa ta waya yana riƙe gidaje da yawa fiye da kowane shirin gwamnati. Amma saurayin da ya tafi cin rani yana shekara goma sha huɗu ya bar aji ke nan, kuma ɗansa ma da wuya ya zauna.

To, su kuma masu taimako da waɗanne sunaye suka zo? Kafafen labarai na Hausa sun ƙera nasu: ƙasashe masu tasowa, ko kuma in mai karanta labarai ya so zolaya, ƙasashe 'yan rabbana ka wadata mu. Sai masu ƙaramin ƙarfi, sai marasa galihu. Sai yaƙi da fatara, kawar da talauci, daga baya da aka ga yaƙin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka sauko zuwa rage raɗaɗin talauci. Raɗaɗi zafin miki ne. Mai cewa zai rage raɗaɗi ya yarda mikin zai zauna. Shirye-shiryen kuwa ba su ƙirguwa: na ciyar da ƙasa a 1976, DFRRI a 1986, na kyautata rayuwar matan karkara a 1987, NAPEP a 2001. Wannan na ƙarshe ya bar gado ɗaya tak a harshe, Keke Napep, har yaran da ke hawansa yau ba su san cewa sunan hukumar kawar da talauci ce ba. Kalma guda ce ta yi tafiyar ta wata fuskar: fadama, wadda ta shiga takardun Bankin Duniya tun farkon shekarun 1990 da shirin Fadama. Kuma ba mamaki shi ne shirin da manomi zai iya nuna maka abin da ya bari, wato rijiyar tiyo da ɗan injin ban-ruwa da suka mayar da noman rani sana'ar gama-gari a Kebbi.

Kalmar da ta fi kowace wahala a zamanin nan ita ce tallafi. Asalinta sa hannu a tare abu kada ya faɗi, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Yanzu rangwamen man fetur tallafi, buhun shinkafar azumi tallafi, kuɗin da ake turo wa mata a kati tallafi, har bashin banki ma tallafi. Da Shugaba Buhari ya zo Kebbi a Nuwamba 2015 ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, rance aka bayar, iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, a biya da shinkafa. A bakin jama'a da bakin 'yan siyasa sai ya zama tallafin noma, wanda kuwa aka ce masa tallafi ba ya jin akwai biya. A 2023 bankin da kansa ya ce cikin fiye da naira tiriliyan 1 da ya fitar a faɗin ƙasa, abin da ya dawo rabi ne da 'yan kai. Hausawa sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci. Ba za a ce shirin bai yi komai ba. Shinkafar Kebbi ta yi suna, aka yi Lake Rice da Legas a 2016, masana'antar WACOT ta buɗe a Argungu a 2017, ga Labana a Birnin Kebbi. Amma wa ya shiga? Mai gona, mai asusun banki, mai wanda zai sa sunansa, har da manoman takarda da ba su san hanyar fadama ba. Ɗan barema da gonarsa ke jingine ba ya cikin lissafi tun farko. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire ɗaya tallafin, na man fetur, litar man da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. Shinkafar rani a Kebbi da fetur take shan ruwa. Ƙananan manoma da dama suka rage fili ko suka bar wa masu ƙarfi.

Alƙaluman hukuma ma suna nuna cewa suna yana canza adadi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da ta auna da kuɗi a 2019, ta sa layi a naira 137,430 ga mutum a shekara, ta ce kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da shi, Kebbi kuma wajen kashi 50. Da ta sake awo a 2022 da ma'aunin da ya haɗa makaranta da asibiti da ruwan sha da makamashin girki da tsaro, sai ta samu mutum miliyan 133, kashi 63, Kebbi ta haura kashi 80. Jiha ɗaya, shekara uku tsakani. Tazarar nan ta kashi talatin, su ne mutanen da ke da hatsi a rumbu amma ba malami a ajin 'ya'yansu, ba ungozoma a asibitin garinsu, wato talakawa da tsohuwar ma'ana.

Shi kuwa mutumin Diggi in ka tambaye shi abin da yake roƙo, da wuya ya ce arziki. Zai ce rufin asiri. Mai rufin asiri shi ne wanda baƙo zai sauka gidansa a fitar da tuwo, matarsa ta haihu ya yanka rago ko da ƙarami ne, ciwo ya zo a kai asibiti ba a yi shela a masallaci ba. Maƙwabta ba su san ranar da ya kwana da yunwa ba. Abin da ke riƙe wannan rufi shi ne gata: ɗan'uwa a birni, suruki mai hali, adashin da matar gida ke zubawa daga kuɗin turara shinkafa, akuyar da ta ɗaure a bayan ɗaki. Marar gata ya fi marar kuɗi shiga uku, kuma shi ya sa gwauruwa mai marayu da tsohon da 'ya'yansa suka tafi biɗa ba su waiwayo ba suke can ƙasan kowa.

Taimakon da na ga yana da ma'ana shi ne wanda ya san a wace gaɓa asiri ke tonuwa ya je ya tsaya a nan. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa wani tsari da za a iya kira jinginar hatsi: da kaka manoma su tara buhunansu a sito guda mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiyarsu ɗaya wajen mai ba da rance, a ba su kuɗi a kan hatsin su yi hidimarsu da sana'ar rani, in farashi ya tashi su biya su kwashi abinsu. Jingina ce, amma hatsi aka jinginar, gona tana hannun mai ita. Fulani kuma suna da haɓɓanaaye tun kaka da kakanni: a ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya, ta haihu ya riƙe 'ya'yan ya mayar da uwar. Ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari tsarin suna yi da awaki a tsakanin mata. Abin da ƙungiyar BRAC ta fara a Bangaladash a 2002, wanda binciken da aka buga a 2015 ya gwada a ƙasashe shida har da Gana da Habasha ya ga yana aiki, kusan wannan ne aka ƙara wa gishiri: a ba gida dabba ko jari, a haɗa da ɗan abin ci na wasu watanni don kada yunwa ta sa a sayar da jarin, a riƙa leƙowa. Zakkar amfanin gona ma, buhu ɗaya cikin goma a noman damina, ɗaya cikin ashirin a na ban-ruwa, ba ƙaramar dukiya ba ce a ƙasar shinkafa. Da kaka ake fitar da ita, lokacin da hatsi ya fi arha, mai karɓa kuma yakan sayar nan take. Malaman gari suna iya zama su duba yadda za a damƙa wa mai haƙƙi haƙƙinsa, in ya yarda a adana masa da sunansa zuwa faɗuwar ruwa.

Miskini na gaskiya, tsoho da naƙasasshe da mai ciwon da ba ya tashi, shi ba jari yake nema ba, a ba shi kawai, wata bayan wata, kuma kada a kira abin rance. Ga sauran kuwa, lokacin bayarwa ya kusa fin yawan abin da aka bayar. A 2023 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. Wata uku daidai ne da tsawon maƙogwaron shekara. Da kuɗin za su faɗo a Yuni da Yuli da Agusta, da sun tsayar da magidanci a gonarsa ranar noman firi, sun hana shi zuwa ƙofar ɗan ba-da-kaka. An ƙaddamar da shirin ranar 17 ga Oktoba 2023, don ta dace da ranar yaƙi da talauci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da gero ya riga ya shiga rumbu a Diggi.